Na Lempira Biyar

Ni mai gyaran takalma ne, a gindin gadar Comayagüela,
shekara talatin da ɗaya ina rufe bakin takalman mutane.
Gam ɗina rawaya ne kamar ƙwanduwar ƙwai,
da shi na ci, da shi na sa 'ya'yana makaranta.

Nahún ya zo mini wata Talata, ruwa na tsugawa,
riƙe da 'yar kwalba irin ta abincin jarirai.
Ya ce, "Don Isidro, na lempira biyar,
takalmin uwata ne ya yi baki."
Na dubi ƙafarsa, ko silifas babu.
Na dubi kuɗin.
Na zuba masa cokali biyu.

Ai na sani.
Ba zan yi wa kaina ƙarya da furfurata ba.

A wuyan riga yake ɓoye ta, hanci a ciki,
kamar ɗan tsako ya sa kai ƙarƙashin fiffike.
Na tambaye shi me yake samu.
Ya ce yunwa takan yi barci,
sanyin kogin Choluteca ya daina cizo,
wani lokaci ma har uwarsa takan yi magana,
wadda ta tafi arewa da alkawarin wata uku.

Yaron nan da kansa ja ne.
Shi ke ƙirga wa Doña Eufemia canji a gaban tanda,
kafin ta juya waina ɗaya ya gama lissafi.
Damina biyu kawai.
Gyambo ya zagaye leɓe, haɓo ba sallama,
tari irin na tsohon da ya ƙare a ramin ma'adinai.
Sai ka kira shi sau uku kafin ya waiwayo.
Ya kama kofi, rabi a ƙasa.
Tafiya kamar wanda ke tsaye cikin kwalekwale.
Ran nan ya tsaya da sulalla bakwai a tafinsa
yana kallonsu kamar baƙi.

Marleni, malamar jinya da ke zagayawa ran Alhamis,
ta ɗauki gwangwanina ta jinjina, ta ce:
"Ka ga yadda yake cin roba kafin ya kama ta?
Haka yake cin rigar jijiya.
Ƙwaƙwalwa, ƙoda, hanta, bi da bi.
Zuciya kuwa ba ta ba da sanarwa."
Ba ta zage ni ba. Da ta zaga, da na fi samun barci.

Na daina sayar masa.
Bai yi fushi ba, ya wuce rumfa ta uku.

Sai na yanka fata, na auna sawunsa a laka,
na fara masa takalmi da zare zalla,
ko ɗigon gam ban yarda ya taɓa ba.
Aikin zare akwai cin lokaci.
Saura ƙafar hagu
mai gadin wani kanti ya daka masa tsawa.
Ba duka, ba bindiga, tsawa ce kawai.
Ya zabura, taku ashirin ko ƙasa da haka,
ya zauna jikin taya, kamar mai hutawa.
Kwalbar ce ta ci gaba da gangarawa.

Shekararsa goma sha uku, in ji shi.
Marleni ta ce ƙashinsa na ɗan tara ne.

Takalmin na nan rataye a ƙusa, ɗaya da rabi.
Masu ciniki kan tambayi kuɗinsa, in ce an saya.

Jiya wani ƙaramin ya zo, Yeison yake ko Yeferson,
da kwalba, da lempira biyar, da labarin takalmin uwa.
Na ba shi waina biyu da wake.
Ya cinye tas, ya lashe yatsa, ya yi godiya.
Ina kallonsa ya ƙirga rumfuna,
ɗaya, biyu,
har yanzu ya iya ƙirga.